Dafaffiyar Alkamar Abu Damir

Cokali na bakin Mudassir lokacin da Zaid ya ce, "Wa ya dafa wannan?"

Ba da ƙarfi ya yi tambayar ba, amma da irin muryar mutumin da ya ga kunama a cikin takalminsa. Mudassir ya kasa haɗiye abin da ke bakinsa, ya kuma kasa tofarwa. Dafaffiyar alkama ce, an ɗan murje ta, an haɗa da sukari da wata irin gyaɗa mai maiƙo. Tana da daɗi ƙwarai. Har yau idan ya ji ƙamshin alkama a kan wuta sai gabansa ya faɗi.

Wannan abu ya faru ne a watan Disamba na 1992, a wani babban sito da ke Birnin Masana'antu na Biyu a Riyad, ƙasar Saudiyya. Siton na wani Balarabe ne da ake kira Abu Nayif. Wata ƙungiyar agaji ce ta ba shi aikin ɗaure kayan da jama'a ke tarawa domin mutanen Bosniya: barguna, dabino, madarar gari, takalman yara. A wannan shekara babu masallacin Juma'ar da ba a yi wa Bosniya alƙunutu ba. Mudassir, ɗan Funtuwa, bai daɗe da gama karatun Shari'a a wata jami'a ta garin ba. Maimakon ya koma gida, sai Abu Nayif ya karɓi kafalarsa, wato ya zama mai tsaya masa a zaman ƙasar, ya ɗauke shi tafinta, saboda yana jin Larabci da Turanci, su kuwa ma'aikatan sito kowa da harshensa.

Zaid ɗalibi ne ɗan Bosniya, tare suka zauna a ɗakunan kwanan jami'a. Ranar ce zuwansa na farko siton, ya zo ya taimaka a ware magunguna. Tun bazara bai ji ɗuriyar iyayensa ba.

Mudassir ya nuna masa wanda ya dafa da ido. Can a bakin ƙofar ofis shugaban ma'aikata yake tsaye da kwano a hannu, yana miƙa wa duk wanda ya wuce cokali guda. Dogo ne, furfura ta fara masa, kafaɗunsa a miƙe kamar an sa masa sanda a riga. Kowa Abu Damir yake ce masa.

"Sadaka ce yake yi wa mamatansa," in ji Mudassir. "Ɗan garinku ne ai, daga Sarayebo. Na manta ban gaya maka ba."

Zaid ya ajiye cokalinsa a kan kwali, a hankali, kamar kada ya fashe. Ya ce da Larabcin aji, "A ƙasarmu Musulmi ba ya dafa wannan, ya akhi. Kuroshiyawa ma ba sa dafawa. Mutane iri ɗaya ne kaɗai suke dafa alkama haka su raba, ranar waliyyin gidansu. Kuma ranar maigida ba ya zama, a tsaye yake wuni yana hidima. Ya zauna yau?"

Bai zauna ba. Da safe ma sai da Baba Maiwada, direban babbar motar sito, ya tsokane shi ya ce, "Kyaftin, yau kujera ce ta yi maka laifi?"

"Sabiyawa," in ji Zaid. "Masu yaƙarmu. Su ne kaɗai."

Ya taka har bakin ofis ya yi wa mutumin magana. Abin da ya fi tsorata Mudassir shi ne yadda suka fahimci juna nan take. Harshe ɗaya suke yi, babu mai neman tafinta. Zaid ya yi doguwar magana, Abu Damir ya ba shi amsa gajeriya. Zaid ya sake tambaya. Mutumin ya dubi kwanon da ke hannunsa, ya ɗago kai, ya faɗi kalma ɗaya da kowa ya ji.

"Branko."

Shi ne sunansa na yanka, kuma a duk siton babu wanda ya taɓa tambayarsa.

A gaskiya bai taɓa yin ƙarya ba, wannan ne ya fi damun Mudassir da ya zauna yana tunani. An ce daga ina, ya ce Sarayebo. An ce yana da ɗa, ya ce Damir, shi ke nan aka laƙaba masa Abu Damir kamar yadda ake yi wa kowa a Riyad. Ya san gaisuwar Musulmi, ya san Sallar Layya, da azumi ba a taɓa ganinsa da ruwa a hannu ba. Ba ya salla, to amma an ce musu mulkin kwaminis ya raba Musulmin can da salla, sai suka riƙa tausaya masa. Mudassir da kansa ya taɓa zaunar da shi a bakin famfo yana koya masa alwala. Mutumin ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya koma bakin aiki.

Sai kuma maganar kwalaye. Kayan ƙungiyar da takarda koriya suke zuwa a jikin kowane kwali, da rubutun Larabci da hoton hasumiya. Tun da rani Abu Damir ya ba da umarni a riƙa juye kayan a kwalaye marasa rubutu kafin a loda su zuwa Jidda. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce haka ya fi. Mudassir ne ma ya fassara wa 'yan Bangaladash wannan umarni, da bakinsa.

Zaid na jin haka ya kama kansa da hannu biyu. "Kwali marar alama na kowa ne! Waɗanda suke harbin yaranmu suna lulluɓe da bargunanku suna cin dabinonku, kai kuma kana fassarawa."

Ranar Mudassir bai iya cin abinci ba. Duk abin da ya sani game da mutumin sai ya juye masa. Yawan shirunsa, yadda yake tsayawa kusa da rediyo idan ana labarai, yadda ya san sunan kowace gada da kowane tsauni a hanyar Bosniya. Da ana cewa kewar gida ce. Yanzu fa?

Ranar Juma'a bayan an sauko, Baba Maiwada ya ce masa, "Ustaz, shiga mota." Tsohon soja ne, mutumin Kontagora, ya zo Riyad yana tuƙi a ofishin jakadanci, da aikin ya ƙare ya maƙale. Shi ya sama wa Mudassir ɗaki kusa da nasa a unguwar Al-Oud.

"Ina za mu, Baba?"

"Wurin mai alkama. Ka ci abincin mutum, ai ka saurari bakinsa."

"Ban san abin da nake ci ba."

"Cikinka ya sani."

Branko yana zaune ne a wani ɗan ɗaki a bayan sito. Gado, kujera ɗaya, risho, da hoto biyu a bango: wata mata da yaro, sai samari biyu cikin kakin soja sun dafa kafaɗar juna. Ya dafa musu gahawa mai kauri a ƙaramar tukunya. Bai tambaye su abin da ya kawo su ba. Da Turancinsa mai nauyi ya fara, kuma ba daga kansa ya fara ba, daga kakansa.

Ƙauyensu a bakin iyaka yake, cikin duwatsu. Tun kaka da kakanni sarkin daular Ostiriya ya ba Sabiyawan wurin gonaki, da sharaɗin kowane gida ya ba shi soja. Kakansa Iliya ya kai hafsa a wannan runduna, wadda a cikinta akwai Jamusawa da Hungariyawa da Kuroshiyawa da Musulmi, ana ba da umarni da harshe ɗaya ana zagi da harshe goma. Da yaƙin 1914 ya tashi, sai sarki ya tura su su ƙetare kogi su yaƙi ƙasar Sabiya. Iliya ya yi wa sarki rantsuwa. A hayin kogin kuma masu harshensa ne, masu addininsa, masu dafa alkama irin tasa.

"Ya tafi," in ji Branko. "Bai karya rantsuwa ba. Amma idan ya shiga ɗakin cin abincin hafsoshi sai hira ta tsaya. Aka sa wani saje ya riƙa tafiya a bayansa, ba a gabansa ba. Na hayi kuma suna ɗaga murya suna kiransa karen sarki. Ya bar hannunsa na hagu a wannan kogi. Da daular ta rushe ƙauyenmu ya koma hannun Sabiya, har ya mutu ba a gaishe shi a kasuwa ba."

Baba Maiwada bai jira fassara ta ƙare ba ya gyaɗa kai.

Shi Branko sojan Yugoslabiya ya shiga, yana ganin wannan karon an huta, tunda ƙasar ta kowa ce. Hafsan sufuri ne, shi ke kula da motoci da hanyoyi. A Sarayebo aka ajiye shi, a can ya auri Hanifa, malamar firamare, Musulma 'yar Musulmi. Ita ke dafa masa alkamar nan duk shekara, shi kuma shi ke saɓo mata ragon layya. Bana ne farkon da ya dafa da hannunsa, ya ce shi ya sa ta yi ruwa.

A ƙarshen 1991 aka ba shi umarni ya kai harsasan manyan bindigogi bakin wani garin Kuroshiyawa. Direbansa ɗan garin ne, uwarsa na ciki. Branko ya duba rundunar da ya yi wa rantsuwa, ya ga kullum sai raguwa take, kowace ƙabila na zame nata 'ya'yan, saura nasa mutanen kaɗai. Ya tuɓe kaki ya ninke a kan gado, ya bi ta daji ya fita ƙasar. Wani kamfanin injinan sanyi ya ɗauke shi a Biyana, ya turo shi Riyad, daga nan Abu Nayif ya karɓe shi. Yana cikin neman bizar iyali sojojin Sabiyawa suka yi wa Sarayebo ƙawanya.

Ya nuna hoton samarin. "Ƙanena Goran. Shi bai tuɓe ba. Yana kan tsaunin da ke saman Sarayebo, da bindigoginsa. Maganarmu ta ƙarshe a waya ya ce na ci amanar jinina. Kakana ya riƙe rantsuwa aka ce maci amana ne. Ni na sake ta, sunan bai canja ba."

Mudassir ya ji tausayi na neman shigarsa, sai ya toshe masa hanya. Ya ce, "To kwalayen fa?"

"Na san masu tsaron shingayen hanyar nan. Wasunsu ni na koya musu aiki. Kwali mai rubutun Larabci ba ya wuce su, ko su ƙona shi ko su sauke direba."

"Marar rubutu kuma?"

"Su ɗebi rabonsu su bar saura ya wuce."

"Ashe dai kana ciyar da su."

Branko ya daɗe yana juya ƙaramin kofinsa. "Ina ciyar da su," ya ce. "Ina ciyar da matata. Mota ɗaya ce, hanya ɗaya."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Da na faɗa sai ku tambaye ni yadda aka yi na sani."

Suka kama hanyar komawa har suka shigo gari. Sannan Mudassir ya ce, "Baba, maƙaryaci ma yana da kaka. Hoto kuwa ko a kasuwar Batha sai ka saya."

"Haka ne."

"To ka yarda da shi?"

Suna bin katangar maƙabartar Al-Oud ke nan. Baba Maiwada ya rage gudu, ya yi wa mamata sallama kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Tun ranar da na fara ganin tafiyarsa na ce masa Kyaftin, ku kuna dariya. Soja ba ya ɓuya wa soja. Bari ka ji. Kafin yaƙin basasa muna da wani laftanar a barikinmu, Nwafor. Hausarsa ta fi taka, don a Sabon Gari aka haife shi. Shi ya koya mini tuƙi. Da ƙasa ta rikice, in ya shigo sai mu yi shiru. In ya yi dariya mu ce ya san wani abu, in ya ɗaure fuska mu ce ya san wani abu. Ni na kai shi tashar jirgin ƙasa, jakarsa a kaina. Ya ce, Maiwada, ka ce musu ban yi komai ba. Ban ce musu ba, don ban sani ba. Har gobe ban sani ba."

"To amfanin labarin me ke nan, Baba?"

"Wa ya ce maka yana da amfani? Sauka, mun iso."

Zaid bai ɓoye abin da ya gani ba, kuma Mudassir bai ga laifinsa ba. Ya gaya wa 'yan ƙungiyar, su kuma suka kira Abu Nayif suka ce ko dai mutumin ya bar siton ko su kwashe aikinsu. Abu Nayif ya san Kirista ne, tunda iƙamarsa, takardar izinin zama, ta nuna, amma shi a wurinsa duk Yugoslabi ne, bai taɓa rarrabe su ba. Fasfon Branko na hannunsa, kamar na kowane ma'aikaci. Abu ne na sa hannu kawai a buga masa fita ta ƙarshe, a mayar da shi ƙasar da fasfon ya nuna. A can kuwa sunansa na cikin waɗanda suka gudu daga soja. Ko kurkuku, ko a mayar masa da kaki a hau da shi tsaunin nan kusa da ƙanensa.

Aka tara su a gidan Abu Nayif da ke Al-Badi'a bayan la'asar. Majalisi ne mai faɗi, da kilisai masu taushi da turaren wuta. Zaid ya zauna a kusurwa ɗaya, Branko a ɗaya, Mudassir a tsakiya don shi ne bakin kowa. Baba Maiwada, da ya kawo su, ya ƙi tsayawa a mota, ya rakuɓe a bakin ƙofa.

Abu Nayif ba mugun mutum ba ne, amma ba ya son abin da zai ja masa magana. Ya fara da Mudassir. "Ya Mudassir, ka ga yana cire takardun kwalaye?"

"Na gani, ɗal umrak, ranka ya daɗe. Ni na fassara umarnin."

"Ya gaya maka dalili a lokacin?"

"Bai faɗa ba."

Aka ba Branko dama ya maimaita labarinsa, Mudassir na mayarwa da Larabci. Yana fassarawa yana jin yadda labarin ke ƙara kyau a bakinsa, sai hakan ya ba shi tsoro, ya riƙa zaɓen busassun kalmomi. Da ya kai wurin Hanifa, Zaid ya yi wata irin dariya.

"Kowane ɗayansu yana da mata Musulma idan ya shiga hannu."

Abu Nayif ya ɗaga hannu. "Wannan mai sauƙi ne. In akwai matar, a tambaye ta. Zaid, ba ka ce kana da mai aika saƙo ba?"

Zaid ya amsa da ƙyar. Wayoyin Sarayebo sun mutu, amma yana da ɗan kawu a Zagreb, babban birnin Kuroshiyawa, da ya san masu ƙananan rediyon magana. Su ke karanta saƙo ta iska, wani a cikin garin ya ji, ya taka ya je gidan, ya dawo da amsa in ya dawo.

"Yalla," in ji Abu Nayif. "Ya ba da unguwa da gida. A ce mata, Kyaftin Branko mijinki ne? In ta ce e, ya zauna. In babu ta, khalas."

Mudassir ya fassara. Ya zaci mutumin zai yi murna. Sai ya ga fuskarsa ta yi fari kamar takarda.

"A'a," in ji Branko.

Zaid ya buɗe tafin hannuwansa ya dubi kowa, alamar ga shi nan kun gani. Mudassir kansa sai da ya ce a ransa ashe duk ƙarya ce.

Branko ya ce, "Rediyon nan kowa na ji, na cikin gari da na kan tsauni. Ta koma unguwar gwaggonta inda ba a san ni ba. Maƙwabtanta sun binne 'ya'yansu. In aka karanta sunana da muƙamina tare da lambar gidanta, wa zai ƙara ba ɗana ruwa a layi? Na kan tsauni kuma za su ji inda matar wanda ya gudu take. Ku buga mini fitar."

Mudassir ya mayar da wannan kalma bayan kalma. Abu Nayif ya sauke numfashi, ya kurɓi gahawa, ya girgiza kofin alamar ya ƙoshi. Duk wanda ya zauna da Larabawan nan ya san idan an girgiza kofi magana ta zo ƙarshe.

Daga bakin ƙofa Baba Maiwada ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ustaz, jakar ce za ka ɗauka ko me?"

Tafinta ba shi da ta cewa a majalisi, aikinsa ya kai ya kawo. Kuma kafalarsa shi ma a hannun mai gidan nan take. Bai yarda da Branko ba. Amma bai yarda da rashin yardarsa ba ma. Ya ji bakinsa ya buɗe.

"Ɗal umrak, in an ba ni izini. A garinmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, mu ma ba ma ambata mata shi. In ka je gida sai ka ce, ina mai gidan? Ta gane, kai ma ka gane. Me zai hana a tambaye ta haka? Kada a faɗi suna, kada a faɗi soja. A ce kawai, Hanifa malamar makaranta, ina mai gidanki? In ta ce yana Riyad, ai babu mai kitsa wannan daga nan. Maƙwabta kuma abin da za su ji shi ne mijinta na aiki a ƙasar Musulmi."

Abu Nayif ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. "Ba ta faɗin sunan mijinta? To in ya faɗa rijiya me za ta ce?"

"Sai ta ce mai gidan ya faɗa rijiya."

Abu Nayif ya yi dariya, shi kaɗai. Ya juya ga Zaid. "Za ka aika?"

Zaid ya ce, "Zan aika don matar, in akwai ta. Ba don shi ba. Kuma ko ta ce Riyad, kwalayen suna nan. Ba amsarta ce za ta gaya mini wanda ya ci dabinon ba."

Saura Branko. Da Mudassir ya gama yi masa bayani, sai ya ga mutumin yana kallon Zaid, ba shi ba. Nan ya gane abin da ya nema a yi: mutum ya ɗauki inda matarsa da ɗansa suke ɓoye ya danƙa wa wanda ya fi kowa ƙinsa a garin nan. Branko ya tashi, ya taka kilisan har kusurwar Zaid, ya durƙusa, ya faɗi wasu kalmomi da harshensu a hankali. Zaid ya maimaita sau ɗaya. Fuskarsa ta ɗan motsa.

Da suka fito Mudassir ya tambayi Zaid, "Ka san unguwar?"

"Na san titin. Akwai gidan burodi a kwanarsa." Sannan ya ƙara, "Duk hafsan da ya zauna a garin zai san titin."

Abu Nayif ya yanke cewa fasfo zai zauna a wurinsa har amsa ta zo. Aka cire Branko daga kan lodi, aka mayar da shi gyaran injinan sanyi a can ƙarshen sito, inda ba ya haɗuwa da kayan agaji. 'Yan ƙungiyar sun haƙura da haka, na ɗan lokaci. Kwalaye sun koma tafiya da koriyar takardarsu da hoton hasumiya. Duk motar da Baba Maiwada zai ja zuwa Jidda, Branko kan fito bakin ɗakin injin ya tsaya yana kallonta har ta fita ƙofa. Mudassir ya kan saci kallonsa yana neman ya karanta fuskar. Wata rana ya ga baƙin ciki, wata rana ya ga kamar mai lissafi. Ya daina amincewa da idonsa.

Ma'aikata sun daina ce masa Abu Damir, ba su kuma iya ce masa Branko ba, sai suka daina kiransa gaba ɗaya. In ya shigo wurin shan shayi hira ta tsaya. Baba Maiwada kaɗai ke ɗaga murya ya ce, "Kyaftin, ga kujera, yau ai ba ranar tsayuwa ba ce." Mudassir kan matsa ya ba shi wuri, amma ba ya iya haɗa ido da shi.

Wani lokaci yana cikin fassara sai tunani ya ɗauke shi. In babu Hanifa, to ya tsaya wa ɗan leƙen asiri a gaban kafilinsa. In akwai ta kuma, ta yiwu mai kai saƙon ya tarar da gidan babu rufi. Shiru bai bambanta masa ɗaya daga ɗaya ba. Ya lura Branko bai taɓa tambayar ko Abu Nayif ya sauko ba. Abin da yake tambaya kullum, in sun yi kiciɓis a bakin famfo, shi ne, "Zaid ya ce wani abu?"

Duk ranar Alhamis Mudassir kan je jami'a ya nemi Zaid a ɗakinsa. Ɗan kawun ya tabbatar saƙon ya isa Zagreb, kuma an karanta shi ta rediyo, an ce wani a cikin garin ya karɓa. Azumi ya kusa. Fasfon Branko na nan a gidan Al-Badi'a, ba a buga masa komai ba. Daga Sarayebo amsa ba ta zo ba tukuna.